Ranar da Sobiyar Yaya Rahamatu Ta Juya

A wajen sunan ɗan Bello mai gyaran firji abin ya tashi. An gama cin shinkafa, aka shigo da ledojin sobiya cikin kula. Wani dattijo ya kurɓa, ya riƙe a baki, sannan ya miƙe ya fita waje ya tofar. Na kusa da shi ya shinshina kofinsa ya ajiye. Kafin la'asar babu gidan Bahaushe a unguwar Nuzla da bai ji cewa Rahamatu mai sobiya giya take haɗawa ba.

Rahamatun nan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni Abduljalil, tasi nake ja a Jidda, kuma ba ni da haƙuri da masu yaɗa magana. Ga wanda bai san sobiya ba, sha'ir ne ake jiƙawa da busasshen burodi da hel mai ƙamshi da kirfa da suga, a bar shi ya kwana biyu ya ɗan ɗauki tsami, a tace, a sanyaya. Halal ce tsaf, da ita ma ake buɗa baki da azumi. Amma kowa ya san idan ta wuce lokacinta cikin zafi, juyawa take yi. Yaya ta shekara ashirin tana yinta, ba ta taɓa juya mata ba sai ranar.

Nayef ya iso shagon da yamma. Shi ne kafilinta, wato da sunansa aka yi lasisin shagon, da sunansa kuma take riƙe da iƙamarta ta zama a ƙasar. Ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai. Aka fito masa da durom ɗin da ya rage, ya buɗe, kumfa ta taso, ya ja da baya yana toshe hanci.

"Ya Ummu Raghad," ya ce wa Yaya, don da sunan 'yarta Raghad yake kiranta, "wani ya riga ya kai ƙara. Masu duba shaguna za su zo ranar Lahadi. In ba ki kawo min wanda ya yi wannan ba, zan ce ke kika yi ba da sanina ba. Ma'alesh, ki yi haƙuri, ni ma ina da 'ya'ya."

Mun san abin da hakan yake nufi: a soke iƙama, a saka ta jirgi zuwa Najeriya. A unguwar Karantina nan Jidda aka haife ta, nan ta yi aure, nan ta binne mijinta. Najeriya kuwa ko a mafarki ba ta taɓa taka ta ba. Ta zauna kan buhun sha'ir, ni kuma tsoro ya kama ni sosai.

* * *

A makon ne Kawu Rilwanu, ƙanin mahaifiyarmu, yake gidana bayan ya gama Umara. A can wajen Maigatari sana'arsa bin sawu: in an sace shanu ko raƙumi, shi ake kira ya bi ƙafa har inda ta tsaya. Tun da ya ɗanɗana sobiya ya rikice mata. Na kai shi ya ga teku, bai ko sauko daga mota ba, amma duk inda ya ga kula a bakin titi sai na tsaya. Ya sha fara, ya sha ja, ya sha ta tsamiya, kuma sai ya roƙi a shigar da shi ciki ya ga duroman da rariyar. Har na fara kiransa sufeton sobiya.

Da safe na kai shi shagon, ina faɗa masa a hanya cewa nan ba daji ba ne, siminti ba ya riƙe sawu.

"Gari yana riƙewa," ya ce.

Gaskiyarsa. Ɗakin baya duk ƙurar garin sha'ir ne, tun jiya kuma babu wanda ya yi shara. Ya hana mu shiga, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar mai jiran a ba shi sadaka. Ya daɗe yana kallo.

"Mutum uku ke shiga nan," ya ce. "Namiji mai takalmin roba, kullum da kaya yake fita. Tsohuwa mai gajeren taku. Sai mace mai tausaya wa ƙafarta ta hagu." Ya ɗago ya dubi Yaya. "Me ya sami ƙafar, 'yar nan?"

"Ɗan ciwo ne, Kawu. Jiya ma asibiti na je wankinsa, shi ya sa ban ɗanɗana ba kafin a fitar."

Namijin Raed ne, mai ɗaukar duroma da kai kaya. Tsohuwar kuma Gwaggo Turai, yayar mahaifinmu, wadda ta zo daga Katsina tun muna yara ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ke wanke sha'ir, ita ke jiƙawa da auna suga. Tana zaune a lungu da carbinta, tun jiya ko ruwa ba ta sha ba.

Kawu ya sa aka ɗebo masa kaɗan daga durom ɗin. Na ce masa haram ce fa. Ya ce harshe zai taɓa, ba ciki ba. Ya taɓa, ya tofar, ya kurkure baki.

"An ɓalle kwaɗo?"

"A'a," in ji Yaya.

"Wa zai ji daɗi in an rufe shagon nan?"

Ni na riga kowa amsawa, don sunan yana bakina tun jiya: Badr.

* * *

Badr yana da shagon sobiya a layin baya. Jikan alhazai ne kamar mu, amma Hausarsa ta gudu ta bar shi da gaisuwa da zagi. Shekarun baya ya so ya sayi shagon Yaya ta ƙi, tun daga nan ba sa gaisawa. Na shiga da shirin faɗa, Kawu kuwa ya shiga da sallama da yabon ƙamshin wurin.

Badr ya zuba masa fara a kofin gilashi. Kawu ya kurɓa a hankali ya lumshe ido.

"Akwai zabibi a ciki. Kuma burodinka ka ɗan gasa shi."

Badr ya washe baki. Nan da nan ya ja shi ciki yana nuna masa duroman ƙarfe da injin tacewa da ɗakin sanyi, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ni ina biye da su ina cika ina batsewa. Sai da suka zagaye wurin Kawu ya tambaya, kamar ba komai ba, ko sobiya takan juya cikin kwana biyu.

"Mustahil, ya ammi," ya ce, wato baffa. "Ba ya yiwuwa. Sai in babu sanyi, ko an sa yis na burodi. Amma yis, kana ji a hanci daga ƙofa."

"Ka ji abin da ya sami maƙwabciyarka?"

Fuskarsa ta canza. "Na ji. Wallahi tun jiya ko leda goma ban sayar ba. Mutane suna cewa duk sobiyar takari haka take." Takari shi ne sunan da ake kiranmu da shi, mu baƙar fata 'yan asalin Afirka ta Yamma. "In ta faɗi, ni ma na faɗi. Amma ka tambayi Raed. Shekaranjiya wuta ta ɗauke a layinsu, na gan shi a tsaye a waje yana waya."

Da muka fito na ce ƙarya yake yi, munafuki ne tun yana yaro.

"Wataƙila," Kawu ya ce. "Amma abin da na taɓa da harshe babu yis a ciki, kuma ƙafarsa ba ta shiga ɗakin ba. Ka rage hura hanci ka tuƙa mu."

* * *

Mun sami Raed a inuwar motar kaya yana cin ful, wato dafaffen wake, da burodi. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, a Nuzla aka haife shi. Da ya ga mun nufo shi sai ya ajiye burodin.

"Eh, wuta ta ɗauke," ya ce, "amma tsakanin azahar da la'asar ne kawai. Na sayo ƙanƙara na jera a jikin duroman. Ka tambayi mai ƙanƙara."

Kawu ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa wa uwar ɗakinka ba?"

"Tsoro, ya khal," ya ce, wato kawu. "Za a ce ni ne."

"Da ka ɗauki ledojin jiya, ba ka ga sun kumbura ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gani. Na ce ko cikawa aka yi da yawa. Ana ta kirana a waya daga gidan sunan, sai na ce yalla, mu je kawai, na tafi."

A raina na riga na gama yanke masa hukunci. Kawu kuwa bai ko ɗaga murya ba. Ya tambaye shi duroma nawa ke ɗakin lokacin da wutar ta ɗauke. Raed ya ce da na sunan da na tsamiya da na ja, duk wuri ɗaya.

"Su ma sun juya?"

"A'a. Lafiyarsu ƙalau."

"To zafi ba ya zaɓen durom," in ji Kawu. Ya ɗan yi tunani. "In an tace, ina ake kai dusar?"

"Khumra. Wajen Abdulghani, awakinsa ke ci. Jiya da yamma na kai."

Kawu ya miƙe da sauri irin wanda ban taɓa gani a jikinsa ba. Ya ce in taka mota kafin awaki su cinye masa sawu.

* * *

Khumra can ƙarshen gari take ta kudu, duk ɗakunan ajiya da garejoji. Abdulghani Bahaushen Sudan ne, yana yin sobiya ga leburorin wurin, yana kuma kiwon awaki a bayan shagonsa. Ba ya yarda baƙo ya wuce bai sha ba, don haka dole muka zauna. Tasa mai kauri ce, da citta a ciki, har tana ɗan yaƙushin maƙogwaro. Kawu ya shanye kofi ya nemi ƙari, ya tambayi irin sha'ir ɗin, ya leƙa randunan ƙasa da mutumin yake jiƙo a ciki. Ni kuwa zuciyata tana wajen Lahadi.

Buhunan dusar Yaya suna jingine da katanga, an buɗe ɗaya, saura biyu. Kawu ya kwance na farko, ya damƙo, ya shinshina, ya mayar. Ya kwance na biyu. Wannan ya daɗe a kansa. Ya baje dusar a tafin hannu, ya fita rana, ya riƙa tonawa da farce. Sannan ya kira ni.

"Me ka gani?"

"Dusa."

"Duba dai."

Akwai wasu 'yan zarurruka farare a ciki, sirara kamar gashin masara, da ɓawon wata ƙwaya ƙarama wadda ba sha'ir ba.

"Gero ne," ya ce, "kuma sai da ya tsira aka daka shi. Malam Abdulghani, a garin nan akwai mai sa tsiro a sobiya?"

Abdulghani ya ce shi bai taɓa ji ba. Ni ko kalmar ban sani ba sai ranar.

Kawu ya ƙulle dusar a bakin rawaninsa. A hanyar dawowa ko kulolin bakin titi bai kalla ba. Na tambaye shi ko ya gano mutumin. Ya ce ya gano, kuma da ya san inda sawun zai kai shi, da bai yi saurin binsa ba.

* * *

Bayan la'asar ranar Asabar muka taru a shagon, aka sauke ƙofa rabi. Nayef yana kan kujera ɗaya tilo yana kaɗa makullin motarsa. Badr ya tsaya a bakin ƙofa, Raed ya raɓe jikin firji. Yaya tana kan buhu, Gwaggo tana lungunta. Ni nake fassara wa Nayef.

Kawu ya kwance ƙullin ya zuba a faranti.

"Babu wanda ya shigo daga waje," ya ce. "Badr bai taka ɗakin nan ba. Raed ya yi sakaci da bai tsaya ya duba ledoji ba, amma ba shi ya juya sobiya ba. Wannan ne ya juya ta." Ya nuna zarurrukan. "A can gida, mata in za su yi kunun zaƙi ba sa son suga da yawa, sai su jiƙa gero su rufe da buhu mai laima har ya tsira, su shanya, su daka, su zuba. Zaƙi yake kawowa da kansa. Amma kunun zaƙi ranar da aka yi ake shanye shi. In ya kwana biyu a rufe, da irin zafin garin nan, abin da kuka shinshina shi zai zama."

Nayef ya ce, "Tayyib, na ji. Wa ya sa?"

"Duk wanda aka haifa a Jidda bai san wannan ba. A ɗakin nan mu biyu ne muka tashi a gida, ni kuwa ban kai sati biyu da zuwa ba."

Ban fassara wannan ba. Babu wanda ya waiwaya lungun, amma kowa ya ji lokacin da carbin ya daina motsi.

"Ni ce," Gwaggo ta ce. "A saman rufi na tsirar da shi."

Yaya ta juyo a hankali. "Gwaggo, don me?"

"Don ƙafarki," in ji ta. "Ina zaune likita ya ce in ba ki bar suga ba za a yanke ta. Kin bari? Kowane durom sai kin sha ludayi, safe da yamma, wai ɗanɗanawa. Na yi magana har na gaji. Sai na ce bari in rage sugan in sa tsiro, zaƙin hatsi ba zai cuce ki ba. Na ɗanɗana da yamma, ta yi daɗi. Na manta ba kunu ba ne, kwana take yi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun shekaranjiya?"

"Na so. Duk na buɗe baki sai in tuna inda maganar za ta kai ni."

Mu duka mun san inda take nufi. Gwaggo da bizar Umara ta shigo ƙasar nan, ta tarar da marayu biyu, ba ta koma ba. Ba ta taɓa mallakar iƙama ba. Shekara talatin da wani abu tana bin lungu, ko asibiti sai da mayafi har ido.

Nayef ya gaji da jira, ya ce in faɗa masa. Na faɗa masa. Ya daina kaɗa makullin, ya dubi tsohuwar, ya shafa fuskarsa.

"Kuskure ne, na yarda," ya ce. "Tara za su ci, ba za su rufe ba. Amma za su ce a kawo wadda ta yi, za su ce ina takardarta. In suka same ta a nan tana aiki, ni da Ummu Raghad duk mun tafi. In kuma babu wanda ya yi, to Ummu Raghad ce."

"To ni ce," Yaya ta ce da Larabci. "Ka rubuta ni na sa."

"Rufe min baki, Rahamatu." Gwaggo ta dafa bango ta miƙe. "Ke ina kika sani a can? Ko hanyar rijiya ba za ki gane ba. Raghad tana makaranta, mijinki yana kwance a ƙasar nan. Ni ina da ɗakin uwata a Katsina, in bai rushe ba." Ta juya wajen Kawu. "Malam Rilwanu, ka iya aikinka. In ka riga ni isa, ka aika a share min ɗakin."

Kawu ya ce, "Ki yafe ni, Hajiya."

"Me ka yi? Da ka yi shiru da yarinyar nan za a ɗauka."

Badr, wanda na tsana tun muna yara, shi ya fara fita yana goge ido da hannun riga.

* * *

Ranar Lahadi da safe Gwaggo ta faɗa wa masu dubawa komai da bakinta, ina fassarawa. Ta ce ba da sanin kowa ta yi ba, kuma ranar za ta miƙa kanta a mayar da ita gida. Suka ga dusar, suka rubuta tara, suka bar shagon a buɗe. Da azahar na kai ta inda marasa takarda ke miƙa kansu a mayar da su gida. Jaka ɗaya ta ɗauka. Ta hana Yaya rakiya, ta ce tsayuwar layi ba ta ƙafarta ba ce. A bakin ƙofar wurin ta ce in tabbatar Raed ne zai riƙa ɗanɗanawa daga yau, in kuma Yaya ta yi gardama in kira ta a waya ta ci mata mutunci. Na yi dariya, sannan na koma mota na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Kawu ya tafi bayan kwana biyu. A hanyar filin jirgi na tsaya zan saya masa sobiya, ya ce in bari, ya ƙoshi.

Azumi ya kama, layi ya dawo ƙofar shagon, har da waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar, kuma ban fasa harararsu ba. Ranar farko na je taya Yaya aiki da hantsi. Tana sunkuye kan durom, hannunta duk ruwa, ta miƙa ɗaya baya ba tare da ta waiwaya ba.

"Gwaggo, miƙo min ludayi."

Hannun ya daɗe a miƙe. Na ɗauko ludayin na sa mata.